Wa ya ƙera bindigar nan? Abin da nake rubutawa tun ranar da na sayo ta

9 ga Maris, 2024

To yau dai ko na yi ɓarnar kuɗi ko na yi tsintuwa, Allah ne masani. Gwanjon kayan wani manomi da ya rasu aka yi can bayan garin Kutztown na jihar Pennsylvania, ni fa akwatin kayan aiki na je nema, guduma da zarto da irinsu, sai ga wata doguwar bindiga an jingine ta jikin tebur tsakanin tsofaffin fitilu da kwanuka. In na kafa gindinta a ƙasa bakin yana taɓa min haɓa. Ƙotar ta yi baƙi ƙirin don dauɗa, tagullar jikinta duk ta dushe, amma da na ɗaga ta na kai kafaɗa sai na ji ta zauna daram kamar da ni aka auna. Dala 650 na biya bayan mun ɗan ja da wani mai jar hula. Maman yara bata ce uffan ba, kallo ɗaya tayi min, duk mai iyali ya san irin kallon.

Irin bindigar nan a nan Amurka wasu na ce mata ta Kentucky, amma asalinta nan Pennsylvania ne, maƙeran Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa yankin Lancaster a shekarun 1700 su suka ɗauki gajeriyar bindigar farautarsu ta gida suka ƙara mata tsawo suka rage faɗin rami don a yi tattalin darma da albarushi a daji. Sunan Kentucky daga baya ya bi ta, bayan yaƙin New Orleans na 1815. Ta baki ake ɗura ta kamar bindigar toka tamu ta 'yan bindigar sarki ranar hawa. Ni gidanmu gidan ƙira ne, na taso ina zuga wa Kawu, shi yasa abin da ya tsaya min a rai ba nawa zata yi a kasuwa ba, wane ne ya ƙera ta.

A jikin farantin wutar, wato ƙarfen gefe da kunamar ke kai, akwai suna a rubuce: Golcher. Na ce shikenan, aiki ya zo da sauƙi.

16 ga Maris

Aiki bai zo da sauƙi ba.

Na kai ta wurin wani dattijo da wani abokin aikina ya haɗa mu, Bature ne ya haura shekara 80, tun yana saurayi yake gyaran irin waɗannan. Kafin ma ya kalli sunan sai ya zaro sandar ɗurin ya zura a bututun ya sa babban yatsa ya yi alama, ya fito da ita ya gwada ta waje. Saura kusan inci biyu bata kai ƙarshe ba. Ya kalle ni yace a ɗure take. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, sati guda tana jingine a falo yara na wucewa ta gabanta. Yace ba abin mamaki bane, da yawansu haka ake samunsu, manomi ya ɗura ya rataye bayan ƙofa saboda dila ko shaho, ya mutu, jikoki su gada basu sani ba, kuma baƙin albarushi in bai jiƙe ba shekara ɗari ba komai bace a wurinsa.

Ya zuba mai ya bari ya jiƙa, sannan ya sa wani ƙarfe mai murɗe a kan sanda ya dinga jawowa. Abin da ya fito: ƙullin takarda, ƙananan harsasai irin na harbin tsuntsu, wata takardar kuma, sai albarushin ya dunƙule kamar gawayi. Takardar guntun jarida ce da rubutun Jamusanci irin mai ƙahonnin nan. A Reading, wani birni kusa da Kutztown, an daɗe ana buga jarida da Jamusanci har shigowar shekarun 1900, to wannan ya nuna inda bindigar ta yi zamanta na ƙarshe. Inda aka haife ta kuma wata magana ce daban.

Sai na nuna masa sunan da alfaharina. Dariya yayi. Yace dangin Golcher a Philadelphia suke, sana'arsu yin farantin wuta suna sayarwa da yawa, maƙeri a ƙauye ya saya a kanti ya ɗaura wa bindigarsa. Wasu ma daga Birmingham ta Ingila ake shigo da su, shi yasa za ka ga sunan Ketland, maƙeran can, a jikin bindigar da bata taɓa ganin teku ba. Kamar ka ga sunan kamfanin taya ne kace su suka ƙera motar. Azumi a bakina, na dawo gida jiki a sanyaye.

24 ga Maris

Gargaɗin da dattijon yayi min har sau uku: kar na kuskura na goge ta. Ba sandifefa, ba man goge tagulla, ba fenti. Ni kuwa da ma na riga na sayo man, niyyata in sa ta tana ƙyalli kafin sallah. Ashe wannan duhun da shekaru suka bari shi ne rabin darajarta, kuma a ƙarƙashinsa ake karanta komai. Tsumma mai laushi kawai na sa da ɗan kakin zuma.

Na auna: bututu inci 41, mai kusurwa takwas ne daga gindi har baki. Ramin kusan milimita 12. Faɗin tagullar gindin ƙota inci ɗaya da kwata, kuma ta lanƙwashe sosai kamar jinjirin wata. Wannan awon na ƙarshe yana da magana, don na farko-farko, na kafin yaƙin neman 'yancin Amurka da lokacinsa, gindinsu faffaɗa ne kusan inci biyu kuma a miƙe, ana tafiya yana tsukewa yana lanƙwashewa. Tawa kenan ba ta 1770 bace ko kusa. Mafarkin da na fara yi cewa ta je yaƙi da Turawan Ingila na ajiye shi gefe.

Da na haska tocila cikin bututun ban ga tsagar nan mai murɗawa ba wadda ke sa harsashi juyawa, sumul yake. Ko dai tun asali haka aka yi ta, don a yankin nan an yi irinsu da yawa, siffar ta harbin nesa amma ciki sumul, ko kuma daga baya aka ƙwaƙule tsagar da ta cinye aka mayar da ita ta harbin zomo da tsuntsu.

13 ga Afrilu

Barkanmu da shan ruwa. Yau na ja iyali muka tafi gidan tarihi na Landis Valley a Lancaster, su suna kallon dawaki da tsofaffin gine-gine ni ina manne da gilashin bindigogi da hotunan tawa a waya.

A nan na fara gane abin da masu abin ke nufi in sun ce makaranta. Ba makarantar allo ko boko ba, salon gari ne. Yaro ya shiga hannun maigidansa yana ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, yayi shekaru yana koyo har ya kai 21, in ya fita ya buɗe nasa wurin to da zanen maigidan zai fita, shi ma ya koya wa wasu, a haka kowace gunduma ta samu kamanninta. Daidai yadda a gida in an ajiye maka fartanya biyu za ka ce wannan ƙirar gabas ce wannan ta yamma ba tare da kowa ya rubuta komai a jiki ba.

Ta Lancaster ƙotarta a miƙe take sama da ƙasa, kamar an ja layi da rula, kuma akwatin tagullar da ke gefen ƙota inda ake ajiye ƙyallen naɗe harsashi da maiko, kansa yawanci fure ne mai zagayayyun ganye. Jacob Dickert, wanda aka haifa a Jamus a 1740 ya rasu a Lancaster a 1822, shi ne sunan da kowa ke fatan gani a saman bututu. Na daɗe tsaye ina kwatantawa ina neman ta inda tawa zata yi kama da su, ƙarshe dai na faɗa wa kaina gaskiya, bata kama da su ko kusa. Tawa bayan ƙotarta a gantsare yake, ya yi doro ya sauko, ƙasan ma ya bi shi ya lanƙwasa. Masu abin suna ce wa wannan hancin Rumawa. Ba a Lancaster ake wannan ba.

A hanyar dawowa ƙaramar tace Baba wai duk bindigogin ba iri ɗaya bane? Wata biyu da suka wuce da ni ma haka zan ce.

28 ga Afrilu

Kwana biyu ina ta jera hotuna a kwamfuta ina cire waɗanda ba su ba, don na lura cirewa ta fi sauƙi.

Ta gundumar Bedford, can yammacin Pennsylvania cikin duwatsu: sirara ce ƙwarai, ƙotar ta sunkuya ƙasa sosai, farantin wutar siriri mai wutsiya kamar ta ɓera kuma su da hannunsu suke ƙera shi. Ba ita bace. Ta gundumar Bucks: murfin akwatin ƙyallen ta gefe yake buɗewa, tawa kuwa maratayin murfin a gaba yake. Ba ita bace. Na kudu, irin na dutsen Tennessee da dangin Bean suka shahara da su, baƙin ƙarfe suke sawa maimakon tagulla, wasu ko akwatin babu sai rami kawai a jikin itace a cusa kitse. Nan ma a'a. Gundumomin York da Lebanon na nan Pennsylvania sassaƙarsu ta fi ƙarfin tawa nesa ba kusa ba, irin aikin George Schroyer na Hanover ko J. P. Beck na Lebanon, ganye da reshe sun taso daga jikin itacen kamar a taɓa su motsa. Beck ɗin nan har INRI yake rubutawa a ƙarƙashin bututu inda ba mai gani, abin addininsu na Kirista. Ya tuna min da Kawu da baya ɗora guduma sai yayi bisimilla.

Abin da ya rage gundumomin Lehigh da Berks (inda Kutztown da Reading suke), maƙwabtan juna, kuma nan ne hancin Rumawa yake. Na Lehigh na gaske, irin na Herman Rupp da John Moll da Peter Neihart, wuyan ƙotar ya fi faɗi a kwance fiye da tsaye, fentinsu ja-ja ne, farantin da ke ɗaya gefen yana ƙarewa da tsini kamar kan kibiya, sannan sau da yawa akwai wani ɗan kan mutum da hula da suke zanawa a gaban kunama, har yau ana gardama ko Ba'indiyen Amurka ne ko mace ce alamar 'yanci. Na duba tawa da gilashin ƙara girma har idona yayi ruwa, babu kan kowa. Wuyan dai ya ɗan fi faɗi a kwance. Rabi da rabi kenan, ta ɗauko wani abu ta bar wani.

19 ga Mayu

Yau muka raba bututu da ƙota a shagon dattijon. Ni na so in yi da kaina a gida, yace in na tsaga itacen gaban, wanda kaurinsa bai fi na kwali ba, kar na dawo masa da kuka. Da wani siririn ƙarfe ya tura ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya manna shi a takarda da lamba don ya koma raminsa.

Nan ne bindigar ta fara magana. Na ɗaya, a ƙasan bututun akwai tsofaffin gurabe na kunnuwan da ƙusa ke shiga, an cike su an yanka sababbi, kowanne ya matsa da kusan inci ɗaya da rabi. Ma'ana an yanke bututun ta gindi an ja shi baya. Na biyu, ramin da farantin wuta ke zaune an yi masa ciko da wani ɗan itace daban ta gaba, wato farantin Golcher ɗin ma ba shi ne na asali ba, na farkon ya fi shi tsawo. Na uku, itacen da ke saman wurin ya ƙone ya zaizaye. In ka haɗa ukun labari ɗaya suke bayarwa: da ƙanƙara aka haife ta, irin mai ƙyastu da ke fasa wuta a ɗan kasko, da zamanin 'yar hular tagulla, wadda kunama ke bugawa ta tada wutar, ya zo a shekarun 1830 zuwa 1840 sai aka kai ta wurin wani maƙerin ya yanke gindin da wuta ta cinye, ya ɗaura ɗan bututun hula a gefe, ya canja farantin gaba ɗaya. Hannu biyu kenan aƙalla, banda wanda yayi farantin.

Na huɗu kuma, can ƙasa kusa da gindi akwai haruffa biyu da aka buga da hatimi, yankan ya cinye rabin na farko. Zuciyata ta buga. Dattijon ya sake kwantar min da ita, yace suna a ƙasan bututu yawanci na mai yin bututu ne, don a rafin Wyomissing kudu da Reading an yi masana'antun bututu a jere da ruwa ke juya musu dutsen wasa, maƙera na saye daga wurinsu. Mai haɗa bindiga in zai sa suna a sama yake sawa, tsakanin gindi da saitin baya. Hannu huɗu yanzu.

Ni dai a ganina wannan ne abin da masu sayarwa a intanet ke ɓoyewa ko basu sani ba, su ɗauki hoton duk sunan da suka gani su rubuta shi da manyan baƙaƙe su ninka kuɗi.

2 ga Yuni

Na kira Kawu ta bidiyo, da ƙyar netwok ya bari. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki na juya masa kyamara kan cikin ƙotar, inda bututu ke kwanciya. Ya sa aka riƙe masa wayar kusa da ido. Yace kai yaro, matsar da fitilar gefe, kar ka haska ta kai tsaye. Da na kwantar da hasken sai ga sawun kurfi da zarto sun fito ɓaro-ɓaro. Yace wannan mutumin baya ɓata lokaci a inda ba a gani, dubi yadda ya bar ciki da kaushi, amma duk saran tsawonsu ɗaya, hannunsa ya saba, ba koyo yake ba. Wanda yayi cikon nan kuwa wani ne daban, wuƙarsa ma bata da kaifi. Nace Kawu haka Baturen ma yace. Yace to da me zai ce?

Ya tambaye ni nawa na saya. Na faɗa masa da dala ban juya masa zuwa naira ba.

Dabarar hasken nan tasa na gwada a saman bututun da daddare, na kashe fitilun ɗaki na kwantar da tocila. Inda nake zaton tsatsa ce kawai ashe akwai rubutu, da hannu aka yanka shi ba hatimi ba, irin mai lanƙwasa. Harafin farko J ne ko I, don a rubutun lokacin kusan ɗaya suke. Sai wani ɗan zane kamar tauraro. Na biyun ƙafafu biyu ne da suka kusa haɗuwa a sama, A ne ko kuma H da ya gaji. Na ɗauki hoto ya fi arba'in.

22 ga Yuni

An yi babbar sallah lafiya. Ranar hutuna na tafi ɗakin karatu na cibiyar tarihin Berks a Reading na wuni cikin takardun haraji da ƙidaya. Wahala ce, don kafin ƙidayar 1850 sunan maigida kawai ake rubutawa sauran mutanen gida a lissafa su da lamba, sai takardar haraji ce wani lokaci zata ce wane maƙerin bindiga ne, wata shekarar kuma shi ɗin dai a rubuta shi manomi ko maƙeri kawai. Kuma gaskiya ne duka, da damina yana gona, in sanyi ya shigo ya koma maƙera. Ga rubutun suna, mutum ɗaya a rubuta shi iri uku saboda mai rubutun da Turanci yake ji su kuma da Jamusanci suke faɗa.

In harafin A ne, to a kewayen Kutztown akwai dangin Angstadt, gidan ƙira ne na gaske, kaka da uba da jika da 'yan uwa duk suna yi tun ƙarshen shekarun 1700 har cikin 1800 sosai, kuma aikinsu an san shi da hancin Rumawa da zane irin na mutanen karkara, ba irin gogaggen na birni ba. Wajen yana tsakanin Reading da Allentown, shi yasa salonsu ya ɗebo nan ya ɗebo can. Ya dace da rabi da rabin da na gani. Ya dace da inda na saye ta. Har ya yi dacewar da ta sa nake tsoron kaina, don tun da na ga sunan idona ya daina ganin H.

27 ga Yuli

Taron maƙeran bindiga na Kempton, duk shekara ƙarshen Yuli ake yi. Zafi kamar Sakkwato. Na naɗe ta a bargo na bi tebur-tebur, kuma da gangan ban faɗa wa kowa abin da nake zato ba.

Mutum huɗu da suka san abin suka duba. Dukkansu, kowanne daban, kafin minti ɗaya sun ce arewacin Berks, wajen Kutztown zuwa Kempton ɗin kanta. Shekara kuma tsakanin 1815 da 1830. A nan bakinsu ya zo ɗaya. Kan maƙeri ne aka rabu: biyu sun ce aikin gidan Angstadt ne amma ba zasu ce wanne ba, ɗaya yace harafin H ne kuma kan akwatin ƙyallen bai yi masa kama da nasu ba, na huɗun, wata dattijuwa da ke zanen tagulla da hannunta, bata ko kalli haruffan ba. Murfin akwatin ta buɗe ta duba yadda aka ɗaura ƙarfen da ke ɗaga shi da inda aka ɓoye maɓallin, tace kowane shago da yadda yake wannan kuma yaro baya canja abin da ya koya, in nemo bindiga mai cikakken suna da irin wannan maɓallin da irin wannan yankan a gefen murfi, in ajiye su kusa da juna, sannan in yi magana.

Akwai kuma wanda ya ja ni gefe yace in na ba shi zai mayar min da ita mai ƙanƙara kamar yadda take da farko, har ya ɗan taso da rubutun ya fito sosai, kuɗinta zai ninka. Nace masa na gode. Taso da rubutu ai rubuta abin da nake so ne, A ɗin zai fito tas kuwa.

18 ga Agusta

Na rubuta kati na ɗaura a jikin kunama da zare: arewacin gundumar Berks, wajen 1815 zuwa 1830, asali mai ƙanƙara, an juya ta zuwa hula an rage bututu inci ɗaya da rabi, farantin wuta ba na asali ba, haruffa J ko I da A ko H. Guntun jaridar da harsasan suna cikin kwalba kusa da ita.

Dattijon ya kira jiya, wai ya san wani a wajen garin Hamburg na nan Berks da ke da guda biyu masu cikakken suna daga yankin, ya yarda in zo da tawa bayan hutun farkon Satumba amma ba ɗaukar hoto. Na sayi takarda mai shara-shara da fensir zan kwafi zanen murfin tawa in tafi da shi, da ma'aunin da zan gwada tazarar sukurorin akwatin. Maman yara tace in zan tafi in biya in sayo mata masara a hanya, ta wajen ta fi zaƙi.